Adashina 480,000 ne, masu jiransa kuma 910,000 suke nema

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni 'yar Jos ce, muna zaune a Unguwar Rogo da maigidana da yara uku, ina aiki a wani asibiti mai zaman kansa albashina 95,000, sannan ina ɗan haɗa yaji da daddawa ina sayarwa a wajen aiki. Mun shiga adashi mu goma sha biyu kowa 40,000 duk wata, toh ƙarshen watan nan ni ce da ɗauka, ni ce ta biyar, 480,000. Tun ranar da na shiga na ƙudurta firiza zan saya in fara ƙanƙara da zoɓo, na tambaya an ce 320,000. Kuskurena na faɗa a gida. Yanzu Inna ta ce in kawo 300,000 na kayan ɗakin ƙanwata da za a yi bikinta nan da wata huɗu, babanmu ya rasu kuma ni ce babba. Ƙanena da ke aji biyu a jami'a yana neman 140,000 na rijista kafin a rufe. Maigida kuma direba ne motar ba tasa ba, ya ce haya ta zo 350,000, shi 200,000 ya haɗa in cika masa. Na lissafa har da firizar 910,000 ya kama. Wallahi ba na barci. Da na ce wa Inna ba za su isa ba sai ta ce "ke dai kuɗinki ba sa auki", maganar nan ta tsaya min a rai. Anti ko dai rashin albarka ne? Ko ni ce mai son kai da nake son firiza? Wa zan ba wa zan hana?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu da ƙoƙari, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Na karanta saƙonki sau biyu kuma abin da ya fi taɓa ni ba lissafin ba ne, maganar Innar nan ce da kika ɗauka kika kwana da ita, don haka da ita zan fara. Macen da ke ɗaukar 95,000 a wannan zamanin, ta cire 40,000 duk wata ba fashi har wata biyar, ga yara uku, ga uwa da ƙanne suna kallonta, wannan kuɗin nata in ba su da albarka to ban san mai albarka ba. Inna ba zaginki ta yi ba, uwa ce da bikin marainiya ya tunkaro ta, hankalinta a tashe yake, ke ce bangon da take jingina da shi sai maganar ta fito a haka. Ki yafe mata tun kafin ta sani, ki sauke wannan daga ƙirjinki tukuna sannan mu yi maganar kuɗi da sanyin kai.

Abin da ya same ki yana da suna, kuma in kin yi Ikonomiks a aji huɗu na sakandare shi ne darasin farko da aka rubuta muku a allo, wato ƙarancin abin hannu. Ma'anarsa a ilimin tattalin arziki ba talauci ba ne, kuma ba wai abu ya ɓace a kasuwa ba ne. Ma'anarsa buƙatun ɗan Adam ba sa ƙarewa, amma abin da zai biya su da shi, kuɗi ne ko lokaci ko ƙasa ko ruwa ko ƙarfin jiki, yana da iyaka, kuma abu ɗaya ɗin nan ana iya sa shi a wurare da yawa sai dai ba a lokaci ɗaya ba. Wani masani ɗan Ingila mai suna Lionel Robbins tun 1932 ya gina ma'anar ilimin tattalin arziki kacokan a kan wannan, yadda mutum ke yi da buƙatu masu yawa da abin hannu kaɗan mai hanyoyin kashewa daban daban. Mu kuma iyayenmu sun daɗe da gama maganar, taura biyu ba ta taunuwa. Ki duba masu lambu a bakin tsofaffin kududdufan kuza wajen Bukur da rani, mutum yana da fili kadada guda ko ƙasa da haka da ruwan da ke ja baya kullum, in ya zuba kabeji to karas ɗin da bai shuka ba shi ne ainihin kuɗin kabejin nan, ba irin da ya saya kawai ba. Haka kuɗinki suke, duk naira da kika miƙa wa ɗaya cikin huɗun nan, farashinta shi ne abin da kika haƙura da shi a ɗaya ɓangaren. In kin ba Inna 300,000 cif, firizarki ce kika bayar kika sayi gado da kujeru. Ba na ce kar ki bayar ba, cewa nake ki san da me kika saya.

Kuma akwai bambancin da nake so ki riƙe, domin shi zai hana ki zaman jiran ranar da komai zai isa. Kin tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki amma ba takardar naira, layi a ATM tun asuba, masu POS suna sayar maka da kuɗinka? Wannan yankewar abu ce ta ɗan lokaci, tana da dalili kuma tana wucewa, bayan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 3 ga Maris 2023 tsofaffin takardu suka dawo hannu abin ya lafa a hankali. Amma ƙarancin da muke magana ba ya wucewa. In albashinki ya koma 300,000 gobe, buƙatun ma za su girma su tarye shi, makarantar yara za ta canza, masu kira za su ƙaru. Gwamnatin tarayya da kanta kasafin 2025 da ta sa wa hannu naira tiriliyan 54.99 ne, kuma duk da haka da giɓi a ciki sai an ciyo bashi, ana rigimar a yi titi ko asibiti. Toh in tiriliyoyi ba su isa ba, 480,000 ɗinki da ba su rufe 910,000 ba ba laifin hannunki ba ne.

Sannan gaskiya zamanin ma ya ƙara matse abin. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur da ba ta kai 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ya kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, wato abin da aka saya 100 shekara guda kafin nan ya doshi 135. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma ke kin fi ni sanin yadda masu aiki a wurare masu zaman kansu suke, ba kowa ƙarin ya taɓa ba. Don haka in Inna ta ce kuɗi ba sa auki, ta wani gefen gaskiya ta faɗa, sai dai ba naki kaɗai ba, nairar ce gaba ɗaya ta rage auki. Maigidanki direba ma a nan abin ya buge shi, mai ya cinye abin da ada yake shigowa da shi gida bayan ya sallami mai mota.

Yanzu ga abin da nake ganin ba ki sa a lissafinki ba, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Kin ce ke ce ta biyar cikin sha biyu. Ranar da za a miƙo miki 480,000, abin da kika zuba da hannunki 200,000 ne kacal, sauran 280,000 kuɗin mutane ne da za ki ci gaba da biya wata bakwai masu zuwa, 40,000 duk wata ko kina da lafiya ko ba ki da ita. Mutanen gida suna kallon kuɗin kamar tsuntu daga sama gasasshe, alhali fiye da rabinsa bashi ne. In kika rabar da shi tas a kan abubuwan da ba sa dawo da ko sisi, wata bakwai za ki yi kina rayuwa a kan 55,000 da ɗan abin da yaji ya kawo, ba ajiya, kuma ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi ko aka yi jinkirin albashi sai ki fara cin bashi don biyan adashi. Na ga matan da wannan ya kai su ga ɓoye wa uwar adashi, zumuncin shekaru ya lalace. Wannan lissafin na 200,000 da 280,000 shi ne abu na farko da za ki faɗa wa kowa a cikinsu, da bakinki, a natse. Da yawa in suka ji shi da kansu za su rage abin da suke nema.

Toh ta ina za a fara? Ni ba na auna buƙata da wanda ya fi ɗaga murya ko wanda na fi jin nauyinsa. Ina tambaya ne, wanne ne ke da ranar da in ta wuce shikenan, wanne ne in an bari asararsa ba ta gyaruwa, sannan wanne ne akwai wani da zai iya ɗauka ba ni kaɗai ba. Mu bi su a haka.

Haya dai tana da rana kuma rufin kanki ne da 'ya'yanki. A shari'a wurin zama haƙƙin miji ne, kuɗinki naki ne, ba wanda ya isa ya ce dole ki cika, kuma ina so ki san wannan sarai don in kin bayar ki san alheri kika yi. Amma mutumin da ya haɗa 200,000 cikin 350,000 a kan motar haya ba mai gudun nauyi ba ne, ya yi ƙoƙari, Allah ma cewa ya yi a Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 7 wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da aka ba shi. Shawarata ki ba shi 100,000 a matsayin rance, ki faɗi kalmar rance ɗin ƙarara ba cikin wasa ba, ku sa lokaci ko da 10,000 ne duk wata, ku rubuta ko a saƙon waya ne. Kar ki ji kunyar rubutun, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, a kan rubuta bashi ta sauka. Sauran 50,000 shi zai je wajen mai gida da 300,000 a hannu ya nemi wata biyu ko uku, mai gidan da ya ga kaso mafi yawa a tafin hannu da wuya ya ce a kwashe kaya. Kuma tun yanzu ku zauna ku raba hayar baɗi gida sha biyu, kusan 30,000 ne duk wata, shi ma ya shiga adashi a tashar su don ita, kar baɗi war haka a sake dawowa kan naki.

Na ƙanenki shi ma yana da rana, kuma in aka rufe rijista asarar shekara guda ce, wannan ba ta gyaruwa da ban haƙuri. Sai dai shi ne wanda ya fi kowa samun wata ƙofa. Tun Mayun 2024 aka buɗe asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ga 'yan makarantun gaba da sakandare na gwamnati, ba ruwa a kai, kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, akwai kuma 20,000 duk wata na kashewa ga wanda ya nema, biya kuma sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Ya nema a satin nan, da lambar JAMB ɗinsa da NIN da BVN da takardar shaidar shiga makaranta. Abin yana ɗaukar lokaci don haka kar ku kwanta a kansa na wannan zangon, ki ba shi 70,000, sauran rabin kuma ya tashi ya nema da ƙafarsa, ya je wajen kawunnansa, ya tambayi ofishin kula da ɗalibai ko ana karɓar biya kashi biyu, ya nemi lesin na yara da yamma ko tsaron shago ranar Asabar. Saurayi ɗan aji biyu a jami'a ya kai ya san daga ina kuɗi ke fitowa, kuma gata kika yi masa in kika koya masa yanzu.

Sai Inna da amarya, nan ne zuciya take, nan ne kuma nake so ki tafi a hankali. Kin san abin da ke ran Inna? Ba gado ba ne ba kujera ba ne. Tsoro take ji kar 'yan kai amarya su shiga ɗaki su fito suna cewa ai marainiya ce, kar dangin miji su raina 'yarta tun ranar farko. Wannan tsoron gaskiya ne a al'adarmu, kar ki yi masa dariya kar kuma ki yi mata wa'azin bidi'a, ba zai shiga ba. Amma ki lura, cikin buƙatu huɗun nan wannan ce ke da wata huɗu a gaba, ita ce kuma ta fi kowacce yawan waɗanda ya kamata su sa hannu. Ina baffanninku? Kayan ɗakin 'ya nauyin uba ne, in uba ya faku 'yan uwansa ne ke tsayawa, su ne za su zauna a gaba ranar ɗaurin aure su karɓi sadaki, toh ai ba a karɓar girma a bar nauyi. Ga kawunnai, ga gwaggonni, ga gudummawar da Inna ta shekara nawa tana kai wa bikin 'ya'yan mutane, yanzu ne lokacin da za ta dawo. Ga sadakin ita yarinyar kanta, haƙƙinta ne, in ta yarda da ranta a sa wani abu daga ciki a ɗakinta ba laifi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ke kin saba ɗauka ke kaɗai har kowa ya manta akwai sauran hannaye.

Ga yadda zan yi in ni ce. Ba a waya ba, ki shirya ki je gida da ɗan abin da Inna ke so a hannu, ki bari sai kun keɓe bayan la'asar, ki ce Inna na zo mu yi lissafin ɗakin ƙanwata ne. Kar ki fara da ba ni da shi, ki fara da ga abin da na ware, 150,000, kuma ga dalili, ki nuna mata bashin wata bakwai da ke kanki da maganar haya da ta makaranta. Daga nan ku ɗauki biro ku rubuta kayan ɗakin ɗaya bayan ɗaya tare da amaryar, ku raba su biyu, wanda ba a tarewa sai da shi, gado da katifa da labule da leda ko kafet da tukwane da kwanuka da risho ko ƙaramin gas, da kuma wanda zai iya biyo baya, saitin kujeru da show gilas da tarin kulolin da za su shekara ba a buɗe ba. Ku ba kafinta aikin gado tun yanzu a Katako maimakon sayen na shago ana saura sati, ku sayi ƙananan kaya kaɗan kaɗan kafin farashi ya ƙara motsawa. Anko kuma dan Allah a bar shi ko a yi mai sauƙi, kuɗin anko da na hol da na mai hoto in aka haɗa sau da yawa sun kai kuɗin katifa. Sannan ki roƙi Inna ita ta kira babban baffanku, ko ku je tare da takardar a hannu, a ce ga abin da aka samu ga abin da ya rage. Mutum in aka ce masa a taimaka sai ya ce Allah ya hore, amma in aka ce masa katifa ce ta rage, da wuya ya iya kau da kai.

Zai yiwu Inna ta yi fushi na kwana biyu, ki shirya wa hakan. Kar ki mayar da magana, kar kuma fushin ya sa ki ƙara 100,000 a take don a huce. Ki ci gaba da gaisuwa safe da yamma kamar kullum. Biyayya ga uwa wajibi ce, amma ba ta nufin ki jefa gidanki cikin bashi ba, kuma Inna in ta natsu ba za ta so a gyara ɗakin ƙarama da rushewar na babba ba. Ita ma amaryar ki ja ta gefe ku yi magana ta 'yan uwa mata, ki gaya mata gaskiyar abin da ke hannunki, sau da yawa yaran sun fi iyaye saurin fahimta, ita ce ma za ta taya ki lallashin Inna.

Yanzu firiza. A'a ƙanwata, ba son kai ba ne, ko kaɗan. Cikin abubuwa huɗun nan ita kaɗai ce kika yi niyyar ta haifo wani kuɗin, sauran ukun duk ci ne. Kuma a hadisin da Muslim ya ruwaito Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, cewa ya yi mutum ya fara da kansa, in ya rage sai iyalinsa, in ya rage sai danginsa. Ƴar farin da ba ta gina komai nata ba, baɗi ma haka za a zo a same ta, albashi ɗaya baki goma. Don haka niyyarki daidai ce, ina tare da ke a kanta. Inda nake da ja shi ne firizar kanta a garin Jos a yanzu. Garin nan yana kan tudu kusan mita 1,200, ba Kano ba ne ba Maiduguri ba, zafinmu na gaske Maris da Afrilu ne, da an fara ruwa gari ya yi sanyi, daga Nuwamba zuwa Janairu kuwa wa zai nemi ƙanƙara ana hura wuta a tsakar gida? Babbar kasuwar ƙanƙara da zoɓo azumi ne, toh azumin 2025 a Maris ya faɗo kuma yana ja baya kusan kwana goma sha ɗaya duk shekara, ma'ana shekaru masu zuwa cikin hunturu za a riƙa yinsa. Ga wuta, in layinku ba ya samu sosai ƙanƙarar ba za ta kama ba, in kuma kuna layin Band A ne, wato rukunin da aka fi ba wuta, kin san tun Afrilun 2024 aka kai shi naira 225 kowane yunit kafin a ɗan sassauta, janareto kuwa da fetur ɗin yanzu ba a ma maganarsa. Sannan wa zai tsaya a kai ranar da kike dutin dare? Lokacinki ma abin hannu ne mai iyaka kamar kuɗin, awa 24 ce dole ki raba tsakanin asibiti da yara da barci, kuma shi ba a yin adashinsa.

Abin da zan ce, kar ki kashe mafarkin, ki gwada shi da araha tukuna. In zafi ya shigo ki nemi maƙwabciya mai firiza ki biya ta wani abu ki riƙa sa zoɓonki da kunun aya na wata guda, ki rubuta abin da kika kashe da abin da ya shigo kullum. In lissafi ya nuna riba, sai ki nemi ta hannu mai kyau a zagaye na gaba, ki je da mai gyara ya duba kwamfireso kafin ki biya. A yanzu kuwa kina da sana'ar da ta riga ta kama, kina da masu saye, ba ta buƙatar wuta, ba ta lalacewa a kwana biyu, yaji da daddawa. Ki sa mata 100,000. Ki sayi barkono da citta da kanumfari da kalwa da yawa lokacin kaka da suke araha maimakon mudu mudu da kike saye, ki samu robobi masu kyau da 'yar takarda mai lambar waya, ki ba masu shaguna biyu ko uku a unguwa, ki sa a status, ki haɗa da direbobin da ke zuwa Abuja tunda maigida a harkar yake, matan ma'aikata a can suna neman yajin gida mai tsafta. Ribar nan ki buɗe mata asusu daban da ba ya da kati, sunanta kuɗin firiza, ba a taɓawa.

In kin haɗa, haya 100,000, makaranta 70,000, ɗakin amarya 150,000, jari 100,000, ya kama 420,000, saura 60,000. Wannan ki ajiye shi kar kowa ya san da shi, har zuciyarki ki ce mata babu, shi ne zubin wata ɗaya da rabi in wani abu ya gitta. Kar ki ga kamar rowa ce, Suratul Isra'i aya ta 29 ta hana ƙuƙunce hannu a wuya, ta kuma hana shimfiɗa shi gaba ɗaya har mutum ya zauna abin zargi yana da na sani, kuma ke a gefen shimfiɗawar kike tun da Baba ya rasu. Waɗannan lambobin ba wahayi ba ne, ke kika san gidanku. In mai gidan haya ya ƙi sassauci, ki ɗauko 50,000 daga na ɗakin amarya ki cika, ki mayar mata a hankali daga abin da maigida ke biyanki tunda bikin da saura. In baffanni suka ɗauki gado da katifa, abin da ya ragu ya tafi jari, kar ya tafi anko. Abu biyu ne kawai nake roƙonki kar ki taɓa ko me aka ce, jarin nan da ajiyar nan. Kuma kar ki kuskura ki cike giɓin da bashin manhajojin waya masu ba da rance cikin minti biyar, ruwan da suke ɗorawa ya fi ƙarfin albashinki, ga tozarci in an makara.

Ki fara da maigida a daren nan tunda da shi kike kwana kike tashi, in ya fahimta kin samu mai tsaya miki a sauran. Ƙanenki ki kira shi gobe ya buɗe maganar rancen ɗalibai kina kan layi, Inna kuma ki bari sai ranar da ba ki da duti, ki je da lokaci a hannu. Zagaye na gaba in kin shiga, ranar ɗaukarki ta tsaya tsakaninki da uwar adashi. Ki rubuto min bayan kun zauna da Inna, ina so in ji me babban baffanku ya ce ya ɗauka, sannan ki turo min lissafin yajin na wata guda mu duba farashin da kike sayarwa, ina zargin kina karyar da shi da yawa. Allah ya sanya alheri a auren, ya ba ki barci mai daɗi yau.